Biyetnam: ɗan wa ake turawa, kuma wa ke faɗin gaskiya?

Duk wanda ya ce maka 'yan jami'a ne suka ƙi yaƙin Biyetnam, dattawa masu kishin ƙasa kuma suka so shi, ya gutsure maka labari. A ganina abu biyu ne suka raba kan Amurkawa: ɗan wa ake turawa daji, da kuma ko maganar gwamnati abar kamawa ce.

Masu goyon baya suna da hujjarsu. A 1949 ƙasar Sin ta faɗa hannun 'yan gurguzu, a 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke, a 1954 kuma dakarun Ho Chi Minh, jagoran 'yan gurguzun Biyetnam, suka fatattaki Faransa a Dien Bien Phu, aka raba Biyetnam gida biyu: Arewa ta 'yan gurguzu, Kudu kuma mai samun goyon bayan Amurka. A shekarar ce Shugaba Eisenhower ya kawo misalin 'yan katakon wasa da ake jerawa a tsaye, idan aka ture ɗaya sauran su bi: Biyetnam ta faɗi, Laos da Kambodiya da Tailan su biyo baya. Mutanen da suka ga yadda lallashin Hitler ya ƙare ba su buƙatar dogon bayani. Shi ya sa a Agustan 1964, bayan rahoton harin da aka ce an kai wa jiragen ruwan Amurka a mashigin Tonkin, Majalisar Wakilai ta ba Shugaba Johnson izinin amfani da ƙarfi da ƙuri'a 416 ba ko hamayya ɗaya, a Majalisar Dattawa kuwa mutum biyu kacal suka ƙi. Daga baya ta tabbata cewa hari na biyu, na 4 ga Agusta, bai ma faru ba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne tsarin ɗibar soja na tilas. Saurayi ya cika shekara 18, dole ya yi rajista a ofishin yankinsu. Idan yana jami'a, ana ɗaga masa ƙafa muddin yana karatu. Mai hanya kuma ya samo takardar likita, ko ya shige rundunar tsaron jiha, wadda ba kasafai ake tura ta fagen daga ba. Wa ya rage ke nan? Ɗan ma'aikacin masana'anta, ɗan manomi, da baƙar fata. A 1965 baƙaƙen fata ba su wuce kashi 11 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma sun haura kashi 20 na waɗanda aka kashe a fagen fama. A 1966 ma sai Sakataren Tsaro McNamara ya sassauta ma'aunin jarrabawar shiga soja, aka kwashi dubban samarin da a da ake cewa ba su cancanta ba. Wannan ne ya fusata Martin Luther King a jawabinsa na Afrilun 1967, a watan kuma Muhammad Ali ya ƙi amsa kira, aka ƙwace kambunsa, daga baya aka yanke masa shekara 5, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Da aka koma ɗibar soja ta ƙuri'ar sa'a da ranakun haihuwa a Disamban 1969, an riga an yi ɓarna.

Sai batun amana. A ƙarshen 1967 Janar Westmoreland, kwamandan sojan Amurka a Biyetnam, yana cewa an fara hango ƙarshen yaƙi. A Janairun 1968 sai ga harin da 'yan gurguzu suka kai lokacin Tet, bikin sabuwar shekarar Biyetnam, a garuruwa fiye da 100, har cikin harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu. Ta fuskar soja 'yan gurguzu ne suka kwashi kashinsu a hannu, amma mai kallon talabijin a gida abin da ya gane shi ne an yi masa ƙarya. Kisan ɗaruruwan fararen hula da sojan Amurka suka yi a ƙauyen My Lai a Maris 1968, sai a Nuwamban 1969 ya fito fili. Takardun sirrin Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, da aka fallasa a 1971 kuma suka nuna wani babban jami'i ya rubuta tun 1965 cewa kashi 70 na dalilin zaman Amurka a Biyetnam gudun kunyar shan kaye ne, kashi 10 kawai don mutanen Biyetnam ta Kudu.

Abin da mutane ke yawan kuskurewa shi ne, ba duk mai cewa yaƙin kuskure ne yake son a janye ba. Da yawa haushinsu shi ne an ɗaure wa soja hannu, su so suke a ƙara wuta a gama. Kuma a ƙuri'un jin ra'ayi na Gallup, 'yan ƙasa da shekara 30 sun fi tsofaffi goyon bayan yaƙin. Wasu kuma sun gaji da yaƙin amma sun fi ƙin masu zanga-zanga, su ne Shugaba Nixon ya yi wa magana a Nuwamban 1969 da sunan masu rinjaye da ba su da surutu. Kwana huɗu bayan rundunar tsaron jiha ta harbe ɗalibai 4 lokacin zanga-zanga a jami'ar Kent a Mayun 1970, ma'aikatan gini suka yi wa masu zanga-zanga dukan kawo wuƙa a birnin New York, alhali 'ya'yan irinsu ne suka fi yawa cikin sojoji sama da 58,000 da Amurka ta rasa.

Hasashen Eisenhower kuwa rabi ya tabbata. Laos da Kambodiya sun faɗi a 1975 tare da Saigon, amma Tailan da Malesiya ba su faɗi ba, kuma a 1979 Sin da Biyetnam, 'yan gurguzu biyu, suka gwabza da juna a kan iyaka.