"Wa ya aike shi?" ba tambayar Bahaushen Sudan ba ce

Tun da bidiyon ɗan jarida Mu'ammar Ibrahim ya bazu, ga shi a hannun mayaƙan Da'am Sari' (dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin Sudan) bayan faɗuwar garin Alfashir na Darfur a ƙarshen Oktoban 2025, wata magana ke yawo a majalisunmu da zaurukan WhatsApp daga Gadarif har Kasala: to wa ya aike shi, me ya hana shi fita tun da wuri? Maganar nan tana ƙona mini rai, kuma abin da ya fi ciwo shi ne daga bakin namu take fitowa.

Mutumin nan ya zauna cikin garin da aka yi wa ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi, yana aika wa Aljazira labarin yunwa da ruwan bama-bamai. Ta bakinsa da irinsa ƙalilan muka ji cewa mutanen Alfashir sun koma cin ambaz, tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi. Mai tambayar wa ya aike shi, a ina shi ya samu wannan labarin da yake ta jimami a kai?

Kuma ba a kansa aka fara ba. Halima Idris Salim tana bakin aikinta na tashar Sudan Bukra motar Da'am ta take ta a titin Umdurman ranar 10 ga Oktoban 2023. A Maris na 2025 jirgi maras matuƙi ya hallaka ma'aikatan gidan talabijin na ƙasa a fadar shugaban ƙasa da ke Khartoum. Kada kuma wani ya ce ɓangare ɗaya ne ke da hannu. Yahya Hamad Fadlallah ya rasu a asibiti a Janairun 2025 bayan sojoji sun tsare shi bisa zargin haɗa kai da Da'am, kuma gwamnatin da ke Port Sudan a lokacin ita ce ta dakatar da tashoshin Al Arabiya da Al Hadath da Sky News Arabia a Afrilun 2024. A wajen Da'am a kira ka fulul, wato ragowar gwamnatin tsohon shugaba Albashir, a wajen sojoji a kira ka muta'awin, wato mai haɗa kai da Da'am, laifinka dai ɗaya ne, ka gani ka faɗa.

Masu cewa lokacin yaƙi ne, tsaro ya fi labari, su tuna babu yaƙi a Khartoum a 2006 da aka ɗauke Muhammad Taha, editan jaridar Al-Wifaq, daga gidansa aka yi masa yankan rago. Masu cewa duk 'yan jarida 'yan amshin shata ne kuwa, ɗan amshin shata ba ya kwana a garin da ake wa luguden wuta.

Amma mu Hausawa, ashe har mun manta da 2022? A Yulin shekarar rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile kan ƙasa da sarauta, aka kashe mutane a Rusairis da kewayen Damazin, ya sake tashi a Wad Almahi cikin Oktoba. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Kafin a zare wuƙa, Facebook ya riga ya cika da masu kiranmu baƙin haure, mu da kakanninmu suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da muka fita nema a titunan Kasala da Khartoum da Port Sudan a lokacin shi ne a ji mu. Mun so a samu ganau ya je ya ƙirga gawarwakin, ya rubuta sunayen ƙauyukan, ya tambayi gwamna ina jami'an tsaro suke sa'ad da ake ƙona gidaje. Al'ummar da ake yi wa gardama kan ɗan ƙasancinta, wadda ba ta da runduna ba ta da babbar kujera, ita ta fi kowa buƙatar wanda zai tsaya ya shaida. Duk ɗan jaridar da aka kashe ko aka kora zuwa Alƙahira ko Kampala, gurbinsa mai yaɗa jita-jita da wayar hannu ne ke cike shi, kuma mun ɗanɗana abin da jita-jita ke jawo mana.

Ƙungiyar 'yan jarida ta Sudan sai a 2022 ta dawo, bayan shekara 33 da Albashir ya rusa ta, ga shi yau aikinta ya koma fitar da sanarwar ta'aziyya. Ya kamata sarakunanmu da limamanmu su sa baki duk lokacin da aka taɓa ɗan jarida, ko wane ɓangare ne ya taɓa shi, su kira sunansa a bainar jama'a. Iyaye kuma su daina hana yaranmu shiga aikin nan don tsoro, domin muna buƙatar masu rahoto da ke jin Hausa, waɗanda tsohuwa a Wad Almahi za ta iya ba su labarinta ba tare da tafinta ba.