Ba idon Jack Elam ne ya yi aikin ba

Duk wanda ya taɓa zama a silima ko gidan kallo a zamanin da finafinan kaboyi ke tashe ya san yadda muke kasa mutanen cikin fim: akwai akta, akwai bos. Sauran kuwa yaran bos ne, aikinsu su zare ido, su zaro bindiga, a harbe su kafin fim ya kai rabi. Sunan akta muke haddacewa. Yaran bos sai dai kwatance, mai tabon nan, mai gemun nan, mai karkataccen idon nan. Wannan na ƙarshe shi ne Jack Elam, wanda ya shafe fiye da shekara arba'in yana fitowa a finafinan Amurka da shirye-shiryen talabijin, daga 1949 har tsakiyar shekarun 1990.

Duk inda aka ambace shi, magana ɗaya ake maimaitawa: idonsa ne ya ba shi abinci. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin cin haƙƙi ne a taƙaita aikin mutum na tsawon rayuwa a kan wani rauni da ya samu yana yaro.

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, 1920, a Miami, ba wadda ke bakin teku a Florida ba, wani ƙaramin gari ne na masu haƙar tagulla a jihar Arizona. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan ƙarami. Yana da kimanin shekara 12 wani yaro ya soke shi da fensir a idon hagu a wurin taron 'yan sikawut. Idon ya daina gani, ya kuma karkace. Da ya girma, ba wasan kwaikwayo ya fara nufa ba, lissafi ya kama. Akanta ne, kuma ta ƙofar ofishin lissafi ya shiga Hollywood, yana riƙe wa kamfanonin fim littattafan kuɗi, ciki har da na Samuel Goldwyn. Ya kusa shekara talatin kafin ya tsaya a gaban kyamara.

Gaskiya ne, da ya tsaya, idon ne abin da masu shirya fim suka fara gani. A fim ɗin Rawhide na 1951, wanda Tyrone Power da Susan Hayward suka ja, an ba shi matsayin wani ɗan fashi da rashin imaninsa ya kai har ya riƙa harbi kusa da ƙaramar yarinya mai tatata don ya tilasta wa jarumin ya ajiye makami. Daga nan hanya ta buɗe, amma hanya ɗaya tak. Kusan shekara ashirin, in ana neman ɓarawon shanu ko ɗan bindigar haya ko mai harbi ta baya, shi ake kira. A High Noon na 1952 mashayi ne da ke barci a ɗakin kurkuku, ko sunansa ba a rubuta cikin jerin 'yan wasa ba. Gary Cooper ya tafi da kyautar Oscar a wannan fim.

A nan akwai laifin da ya kamata a faɗa. Masana'antar ta ɗauki nakasa ta mai da ita alamar mugun hali. Mai kyakkyawar fuska shi ne mutumin kirki, mai tabo ko mai ido ɗaya shi ne azzalumi, don mai kallo ya gane nan take ba sai an yi masa bayani ba. Ragwanci ne na marubuta, kuma yana da illa, domin yaron da ya fito daga silima da wannan darasi zai haɗu da mai irin wannan ido a layinsu. Mu ma ba mu tsira ba. Kalmar harara-garke ba don yabo muke jefa wa mutum ita ba.

To amma idan ido ne kaɗai jarinsa, me ya sa bai ƙare cikin shekara biyu ko uku ba? Fuskoki masu ban tsoro ba su taɓa yankewa a ƙofar kamfanonin fim ba, kuma yawancinsu ko kwatancensu ba wanda ke iya yi yau. Wanda yake son ya ga abin da ya raba Elam da su, ya kalli buɗewar Once Upon a Time in the West, wanda Sergio Leone ɗan Italiya ya fitar a 1968.

Mutum uku ne suke jiran jirgin ƙasa a wata tasha da ke tsakiyar fili, babu kowa sai tsohon mai sayar da tikiti, shi ma sun kulle shi. Fiye da minti goma babu kiɗa, magana ma kusan babu. Sai kukan ƙarfen injin iska mai jawo ruwa, da ƙarar na'urar tangarahu da ta dami Elam har ya miƙa hannu ya fizge wayoyinta. Woody Strode yana tsaye, ruwa na ɗiga a kansa, ya sa hula, ruwan ya taru a gefenta, ya sauke ya shanye. Na ukun yana matsa yatsunsa suna ƙara. Shi kuwa Elam ya kishingiɗa a benci yana son ya runtsa, sai ƙuda ya sauka a leɓensa. Bai ɗaga hannu ba. Ya hura iska, ƙudan ya ƙi tashi. Ya murɗa baki, ya motsa gemu, ya sake hurawa. Da ƙudan ya koma jikin katako, sai ya zaro bindiga a hankali ya kife shi da bakinta, ya toshe da yatsa, ya kai kunne yana sauraren kukansa a ciki, fuskarsa ta saki kamar jaririn da ake yi wa waƙar reno.

Babu kalma ko ɗaya a wannan wuri, amma mai kallo ya gama sanin mutumin: mai haƙurin jira, mai jin daɗin riƙe rai a tafin hannunsa, wanda kisa ya zame masa aikin yau da kullum har gyangyaɗi yake yi kafin ya yi shi. Ido ba ya yin wannan. Sanin lokacin da za a motsa da lokacin da za a tsaya cik ne ke yin sa, kuma ba a samun wannan sani sai an daɗe ana aiki. Bayan haka jirgi ya iso, aktan fim ɗin, Charles Bronson, ya sauka, cikin ƙiftawa da bismilla duka ukun suna ƙasa. Mun tsorata da Bronson ne saboda mun riga mun tsorata da waɗanda ya kayar. Da 'yan wasa marasa nauyi aka sa a tashar nan, da saukarsa ba ta girgiza kowa ba. Girman akta a hannun waɗanda ke gabansa yake, kuma wannan ne abin da mu masu kallo muka fi mantawa.

Hujja ta biyu ta zo bayan shekara ɗaya kacal. A Support Your Local Sheriff! na 1969 an haɗa shi da James Garner, ya fito a matsayin wani gantalallen mutumin gari da aka naɗa mataimakin sherif, wato shugaban 'yan doka na garin, ba da son ransa ba. Fuskar ita ce dai, idon shi ne dai, amma yanzu dariya ake yi, kuma ƙaunarsa ake yi. Abin da aka shafe shekara ashirin ana sayarwa a matsayin tambarin mugunta ya tashi daga wannan aiki cikin fim guda. Da a ce mugunta a cikin idon take, da ba ta goge ba. Daga nan ya koma tsoho mai faɗa da ban dariya. A Rio Lobo na 1970, fim na ƙarshe da Howard Hawks ya ba da umarni, shi ne dattijo mai riƙe da doguwar bindiga kusa da John Wayne, alhali Wayne ya girme shi da shekara 13.

Wani zai ce ai akwai kyautar Oscar ta mataimakin jarumi, har Walter Brennan, wanda shi ma ya yi suna a finafinan kaboyi, ya ci ta sau uku, saboda haka ba a danne kowa ba. Na ji. Sai dai wannan kyauta tana zuwa ne ga wanda aka ba fili a cikin labari. Mutumin da rabonsa minti biyar ko goma ne, a fim bayan fim, ba kasafai yake shiga lissafinta ba, komai kyawun mintocin. Elam bai taɓa shiga ko jerin 'yan takara ba. Karramawar da ya samu ta zo a 1994, lokacin da gidan tarihin kaboyi na birnin Oklahoma ya sa sunansa cikin manyan 'yan wasan wannan fanni. Yana da shekara 73 a lokacin.

Abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato, domin finafinan nan sun shiga jikinmu sosai. Kalmar kaboyi ta zauna daram a bakin Bahaushe, kuma tun 1966 Moustapha Alassane ya yi fim a Nijar a kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka hau dawakai suka addabi mutanensu. Abin da ya burge waɗannan samari ba jarumi mai farar hula kaɗai ba ne, har da tafiya da kallo da riƙon bindigar irin su Elam.

Wurin da na fi so a duk aikinsa yana cikin Pat Garrett and Billy the Kid na Sam Peckinpah, 1973. Ya fito a matsayin Alamosa Bill, wanda aka ɗora wa aikin doka ba don ya nema ba, sai ga shi ya yi kiciɓis da Billy, ɗan bindigar da hukuma ke nema, a gidan da ake shirin cin abinci. Dukansu sun san abin da zai biyo baya, kuma babu wanda ke ƙin ɗan'uwansa. Suka ci abinci tare, suka fita waje, suka yi alkawarin taku goma kafin a juyo. Elam ya juyo kafin ƙirgen ya cika, saboda tsoro, amma Billy ko taku ɗaya bai yi ba, yana tsaye yana jiransa. A fuskar Elam, tun daga kan teburin, babu mugunta kuma babu ban dariya, sai mutum mai son ya rayu wanda ya san ba zai kai yamma ba.

Ya rasu ranar 20 ga Oktoba, 2003, a gidansa da ke Ashland ta jihar Oregon, saura 'yan makonni ya cika shekara 83.