Saƙon WhatsApp ba yarjejeniyar API ba ce

Wallahi raina ya ɓaci da yadda ake neman ɗora wa yaron da ya rubuta manhajar waya laifin asarar da aka yi wajen karɓar kuɗi daga kwastomomi. Me ya yi? Masu sabar, wato kwamfutar da manhaja ke tura wa bayanai, su ne suka mayar da filin kuɗi, gurbin da ake sa adadin kuɗi, daga naira zuwa kobo, suka jefa sanarwa a gurup da daddare, suka tafi barci. Manhaja ta ci gaba da tura 5000 da nufin naira dubu biyar, sabar tana karanta naira hamsin. Lamba ta tafi, lamba aka karɓa, babu abin da ya yi ƙara.

Jama'a, idan ƙungiyoyi biyu suna aiki a garuruwa daban-daban, abin da ya haɗa su dole ya zama rubutacciyar yarjejeniyar API, wato tsarin yadda manhaja da sabar ke musayar bayanai, wadda na'ura za ta iya dubawa. Fayil ɗin OpenAPI, inda ake rubuta irin wannan yarjejeniya, ya zauna tare da rubutun manhajar (code), a rubuta sunan kowane fili, nau'insa, da ko dole ne a cike shi. Shi ma bai wadatar ba, domin naira da kobo duk lamba ce a wurinsa. Don haka in ma'anar fili ta canza, a canza sunansa, a sa kobo a cikin sunan, a bar tsohon yana aiki har sai kowa ya ƙaura. Sannan a gwada yarjejeniyar! Da irin su Pact, kayan aikin gwada yarjejeniya, masu manhaja su rubuta misali: in na tura kaza, rasit zai nuna kaza. Duk lokacin da masu sabar suka taɓa wani abu, a gudanar da misalan nan, in ɗaya ya faɗi kada canjin ya fita.

Wani zai ce ai gwaje-gwajenmu duk sun wuce. Sun wuce mana, tunda sabar bogi kuka gwada, wadda ku kuka gina da zatonku. Wani kuma ya ce babu lokaci. Lokacin bin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya ana roƙon cikon kuɗi fa, daga ina ya fito?

A 1999 NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter a kan irin wannan. Takardar yarjejeniya ta ce a yi amfani da ma'aunin mita, manhajar Lockheed Martin, kamfanin da ya ƙera kumbon, tana fitar da lissafi da ma'aunin Amurka, bambanci ya haura ninki 4. Takardar tana nan a rubuce, gwada ta ne ba a yi ba.

Tunda an taɓo maganar, don Allah masu sabar ku daina mayar da 200, lambar amsar da ke nufin komai ya yi daidai, alhali a cikin amsar kun rubuta cewa biya bai yiwu ba. In kuskuren mai turowa ne ku ba da 400, in naku ne 500, domin na'urar sa ido lambar take ƙirgawa, ba ta buɗe cikin saƙon.