Kofin Amurka, sikelin Ingila, da gwangwanin Inna

A Disambar bara makarantar firamaren da yarana ke zuwa a Mancesta ta ci kasuwar Kirsimeti. Duk shekara suke yi don tara wa makaranta kuɗi. Sai a kwashe kujerun babban ɗakin taro, a jera tebura, a shimfiɗa musu jan ƙyalle, iyaye su kawo abin da suka gasa a gida a sayar fam ɗaya ko rabin fam. Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya riga ya rufa, ana yayyafin nan nasu mai ratsa ƙashi, kowa ya shigo da jiƙaƙƙiyar rigar sanyi, gilasan taga sun yi gumi, ɗakin sai ƙamshin kirfa da kanumfari da ɓawon lemo. Ba bikinmu ba ne, amma makarantar yaranmu ce, zaman tare ya sa dole a sa hannu. Na kai faranti biyu na biskit ɗin citta, wanda na shekara takwas ina gasawa a Teksas kafin aikin maigida ya dawo da mu nan, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Wannan karon ya baje a tire, ya yi baƙi, ga ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Na gani tun a gida, lokaci ne ya ƙure. Wata Baturiya cikin iyayen da ke tsaron tebur ta gutsuri ɗaya, ta tambaye ni da me na auna. Na ce da kofi. Ta yi murmushi ta ce ai shi ya sa, awon kofi cinke ne kawai, mai son gashin kirki sikeli yake saya. Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Amma maganar ta tsaya min a ƙirji har muka shiga sabuwar shekara.

Na zauna na bi kayan ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar laifin kofi shi ne mafi ƙanƙanta. Ƙasashen nan biyu harshensu ɗaya, amma abin da ke cikin kwali da gwangwaninsu daban ne, kuma babu wanda zai gaya wa baƙo.

Ɗacin daga baƙin ruwan rake ya zo. Na Amurka, wanda suke kira molasis, irin wanda ake zubawa a biskit yana da sauƙi da zaƙi. A nan abin da na samu shi ne tirikul, a jan gwangwanin Lyle's, mai kauri da ƙarfi, kamar mazarƙwailar da ta wuce wuta. Na zuba daidai yadda na saba. Ashe sai an raba shi biyu, an cike rabin da ruwan sukarin nan mai launin zinariya da ke cikin koren gwangwaninsu. Sukari ma haka. Farin sukarin Amurka ƙanana ne ƙwayoyinsa, yana narkewa a bota da wuri. Mai irin sunansa a Ingila tsakitsaki ne, na shayi, na gashi kuwa sunansa kasta. Ƙwan da Amurka ke kira babba yana farawa daga wajen giram 57, babban ƙwan Ingila kuwa daga giram 63 zuwa 73 ne, wato matsakaicin nan shi ne babban can. Na shafe kusan minti goma ina neman ƙwai a firjin kanti a makona na farko, ashe a kan kanta suke ajiye shi kusa da fulawa, don ba sa wanke shi yadda ake yi a Amurka.

Bota ita ce ta baje min biskit. A Amurka sanda-sanda take zuwa, huɗu a kwali, kowace giram 113, da zanen awo a jikin takardar. A nan dunƙule ne na giram 250. Na yanka rabi na ce sanda ce, na ƙara giram 12 ban sani ba, ga shi botar nan sau da yawa ta fi maiƙo. Fulawarsu ta yau da kullum kuma ta fi ta Amurka laushi, ba ta kama ruwa sosai. Idan ka ga mai tashi da kanta, ta Ingila bekin foda kawai aka sa mata, ta Amurka har da gishiri. Abin da Ingila ke kira kon fulawa sitaci ne fari fat, a Amurka sunan na garin masara ne. Obin ma sai da lissafi: zafin digiri 350 a ma'aunin can shi ne 180 a na nan, 160 in mai fanka ne, lamba 4 in na gas ne.

Ga mu Musulmi akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. Ƙananan fai ɗin Kirsimetin Ingila, waɗanda suke kira mince pie, sunan da ke nuna kamar niƙaƙƙen nama ne a ciki, busassun 'ya'yan itace ne da kayan ƙamshi, amma a al'ada da kitsen ƙodar saniya ake haɗawa, kuma da yawa ana zuba musu barasa. Kek ɗin Kirsimeti kuwa makonni ake yi ana huda shi ana ɗura masa barandi. Amurka ma ba ta tsira ba: a dokarsu, ruwan banila na asali sai da barasa kashi 35 cikin ɗari, kuma wasu kwaɓaɓɓun ɓawon fai na kanti da kitsen alade ake yi. A nan kam na sara wa Ingila, don yawancin kayansu suna rubuta ƙarara a jiki in babu nama ko kitsen dabba.

Kuma ban musanta cewa sikeli ya fi daidai ba. Kofi ɗaya na fulawa zai iya zama giram 120, zai iya kai 150, ya danganta da yadda ka danna. Na sayi sikelin, yana nan kusa da butar shayi.

Duk da haka, in ƙanwata ce ta zo sabuwa ta ce za ta fara gashi, hanyar Amurka zan ɗora ta a kai. A can da kofuna huɗu da cokula huɗu ka shiga sahu. Maƙwabciyata a Teksas a tsaye ta koya min, tana ɗiba tana share bakin kofi da bayan wuƙa, muna hira, yara na lasar cokali. Kofi yana tilasta maka ka kalli kwaɓin, ka taɓa, ka ji ko ya yi ruwa. Mai sikeli lamba take kallo. A teburin nan na makaranta na ga mata suna juya kek ɗin juna, suna duba ƙasansa kamar masu duba jarrabawa, ana muhawara kan giram biyar. Sabon shiga ya ga haka ai hannunsa rawa zai yi.

Abin da ya fi min zafi, da matar nan ta ce cinke, ba maƙwabciyata ta Teksas na gani ba. Inna na gani, zaune a tabarma a Zariya ana jibi Sallah, da tsohon gwangwanin madarar Peak da bakinsa ya lotsa. Da shi take auna fulawar cincin na gida uku. Da shi aka yi alkaki da dubulan na bikin yayata, aka cika robobi aka kai gidan miji, dangin ango suna tambayar wace ce ta yi. Ba a taɓa cewa na bana ya bambanta da na bara ba. Wannan ne cinke? Shekara arba'in na hannu da ido ne, kuma ban iya faɗa wa matar nan ko kalma ɗaya a kai ba, na dai tattara farantaina na fito cikin ruwa.

Da ƙaramar Sallah ta matso, babbar 'yata, wadda a nan ta koyi kek a makaranta, ta ɗauko sikeli da biro ta ce, Umma, giram nawa ake sa wa cincin? Na rasa amsa. Na kira Inna ta WhatsApp na miƙa mata wayar. Inna ta ce, ke 'yar nan, gwangwani takwas na fulawa, biyu na sukari, sai ki yi ta murzawa har ya daina kama miki hannu. Yarinya ta ce wane irin gwangwani, Hajiya? Inna ta tashi daƙyar saboda gwiwa, ta shiga ɗaki, ta ɗauko shi ta kara a fuskar wayar. Na gane lotsawar bakin nan take. Shekara biyar ke nan rabona da Zariya. Na ce wa ƙanina kada kowa ya jefar da shi, in mai zuwa ya samu kuma ya tambayi Inna ko za ta ba ni aro.