Ban Taɓa Komai Ba

Ina da ɗan shagon buga takardu a Argungu, kan hanyar tasha. Dukiyar shagon ba ta wuce injin fotokofi, firinta, da wata kwamfutar tebur 'yar Kwatano wadda ta girmi aurena ba. Ramukan USB biyu na gabanta sun daɗe da mutuwa. Saura huɗu na baya, kuma kowanne da mai shi.

Da aka ce daga 14 ga Oktoban 2025 an daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, tsohuwata kuma ba ta da ƙashin ɗaukar Windows 11, sai na fara lissafin kuɗin sabuwa ina share gumi. Ana cikin haka ɗan yayata, mai karatun kwamfuta a jami'ar Aliero, ya zo hutu da filashi a aljihu.

"Kawu, ajiye kuɗinka. Bari in sa maka Ubuntu, babbar manhajar da za ta maye gurbin Windows."

Na ce nawa? Ya ce kyauta. Na ce to ta sata ce, ni kuwa ba a kawo mini kayan sata shago. Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Wai masu ita da bakinsu suka ce a kwafa, a raba, wanda ya iya ma ya buɗe cikinta ya gyara. Tushenta Linux, wanda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Ita Ubuntu a 2004 ta fito, sunanta kuma kalmar Zulu ce mai nufin mutuntaka. Duk wannan bai shiga kaina ba sai da ya saita mini kibod na Hausa, na ga ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ba tare da na je kwafo su daga wata tsohuwar takarda ba. Nan na sallama. Wata da watanni ina aiki da manhajar rubutu ta LibreOffice, firinta tana tofo takardu, har na fara yi wa maƙwabta wa'azin Ubuntu.

Sai bazara ta shigo, irin zafin da kwanon shago ke ƙara da kansa. Ranar wata Litinin ga Alhaji, shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa, da sunayen mutanensa shafi tara. Yana so ya kai Birnin Kebbi kafin a tashi daga ofis, maganar taki. Na gama bugawa, na danna a fitar. Shiru. Na sake dannawa. Na yi ta dannawa, don a iya sanina abin da ya ƙi ji da sau ɗaya yakan ji da naci.

"Malam, mi ya samu wanga inji naka?"

Na ce yanzu-yanzu, Alhaji, zauna ka sha iska. Na juya masa 'yar fankata ta tebur.

Na kira yaron na ce maza ya turo mini lambar kamfanin, ina da magana da manajansu. Ya ce kamfanin da ke yin ta manyan ma'aikatu yake sayar wa tallafi, irinmu kuwa masu amfani da ita su ke taimakon juna, ba ko kwabo. "Ga abokaina nan a ɗaki, Kawu, bari in sa ka a sifika."

Wanda ya taɓa ganin yadda masunta ke afka wa Matan Fada ranar gasa, kowa da gorarsa da komarsa, ya san abin da ya same ni. Su huɗu suka rufe ni lokaci guda.

"Baba, wace Ubuntu ce?"

Na ce ta cikin kwamfutata mana. Aka yi dariya, aka nuna mini inda zan duba, na karanto 24.04. Ashe lambar ma magana ce: shekarar 2024, wata na huɗu.

"Da ka danna, me ta rubuto?"

Na ce wani Turanci ne ya leƙo a sama, na kore shi. Sai na ji wani ya yi salati kamar na ce na jefa takardar gado a rijiya. Wai wannan Turancin shi ne bakin mara lafiya, kuma mai neman taimako da shi ake so ya fara, harafi da harafi.

"To jiya tana yi. Me ka canza?"

"Ban taɓa komai ba."

Allah Ya taimake ni ban rantse ba, don rantsuwar ta zo har bakina.

Daga nan suka manta da ni. Ɗaya ya ce da ma Mint, wata irin Linux ɗin, aka sa wa Baba da duk haka ba ta faru ba. Wani ya ce ai Mint daga jikin Ubuntu aka cire ta, Ubuntu kuma daga Debian, don haka a koma wa kakar kawai a huta. Suka shiga musun kaka da uwa da jika, da katina. Alhaji ya duba agogo, ya gyara zaman hula, ya ce shi dai a saninsa ko injin ban ruwa ya ƙi tashi mai ake fara dubawa.

Da ƙyar ɗan yayata ya tsawatar. Ya ce in danna Ctrl da Alt da T tare. Wani baƙin allo ya buɗe. Ya yi mini shifta, na rubuta sudo apt update, duk da ƙananan baƙaƙe, don wai wurin Linux babban harafi da ƙarami ba dangin juna ba ne. Ta nemi kalmar sirri. Na buga. Ba abin da ya fito, ko ɗigo, ko tauraro. Na sake bugawa da ƙarfi. Na buga sunana, na buga sunan Alhaji, na bi layin lambobi daga 1 har 0. Allo ko gezau. Na buɗe baki zan faɗa musu, wayar ta yi ƙit, kati ya ƙare.

Na zauna na yi nazari irin na manya. Kibod ɗin nan da kwamfutar aka sayo shi. Yanzun nan ya yi rubutu, yanzu kuma ya daina. Ashe ajalinsa ne ya zo daidai nan, kuma ba mamaki shi ne ya riƙe firinta tun safe. Na bar wa Alhaji shago, na tare kabu-kabu sai kasuwa. Na sayo sabo dal a kwali, na haɗo da kati. Na zura hannu bayan kwamfuta na zare tsohon na soka sabon. Na buga kalmar sirri da yatsa ɗaya, cikin ladabi.

Ko ɗigo.

Da na kira na ba su labari, sai da ɗakin ya yi tsit, sannan na ji wani abu ya faɗi, ina jin mutum ne daga kan gado. Ɗan yayata, muryarsa na rawa, ya ce, "Kawu, da gangan take ɓoyewa. Don kada na bayanka ya san ko harafi nawa ne. Ka buga kawai ka danna Enter." Na waiwaya, ga Alhaji tsaye a kaina ya zuba wa allon ido.

Akwai wani yaro a cikinsu da tun farko bai ce uffan ba. Shi ne ya ce kafin a saukar da komai, a tambayi kwamfutar ko tana ganin firintar ma. Ya ce in rubuta lsusb, a haɗe. Jerin layuka suka fito, na karanta musu da Turancina na hanyar tasha. Ga maus. Ga sabon kibod, lafiyarsa lau. Ga ɗan abin kama intanet. Babu firinta.

"Baba, bi igiyarta da hannu, daga jikinta har inda ta ƙare."

Na tattare riga na durƙusa ƙarƙashin tebur, cikin ƙura da ɓawon gyaɗa. Na bi baƙar igiya, na bi, na bi, sai ga kanta kwance a ƙasa. A raminta kuwa wata farar igiya ce siririya. Na bi ta ita ma, ta hau tebur, ta zagaya bayan fotokofi, ta ƙare a gindin fankar da na sayo jiya Lahadi. Da safe na zura hannu ba tare da na leƙa ba, na zare abin da na ɗauka tsohuwar cajar yaron ce.

A hankali na zare fanka na mayar da firinta. Ban ko miƙe ba ta yi tari ta kama aiki. Ashe duk dannawar da na yi tun safe tana nan a layi, ba wadda ta ɓace. Sau goma sha huɗu, shafi tara-tara. Ina laluben inda ake tsayar da ita, sunayen manoman shinkafa suna ta zubowa ƙasa.

"Kawu, ƙarar firinta muke ji! Me ka yi?"

Na ce ta dai gyaru, Allah Ya yi albarka.

"A'a Baba, ba haka ake yi ba. Wanda aka taimaka sai ya faɗi abin da ya gyara, don wani ya amfana gobe. Mene ne?"

Na ɗan nesanta wayar da bakina. "Alo? Alo? Kai, sabis ɗin garin nan..."

Alhaji ya tsinci shafi tara daga ƙasa, ya kaɗe su, ya ajiye mini kuɗin kwafi ɗaya cif. Sannan ya sunkuyo kan wayar.

"Samari, hwanka ce. Hwanka ya sa."