Taron Masu Jiragen Ruwa a Jidda Ba Na Attajirai Kaɗai Ba Ne

Da zarar an ce za a yi taron masu ƙananan jiragen shaƙatawa a Obhur, arewacin Jidda, sai ka ji 'yan uwanmu Hausawa mazauna garin suna cewa ai wannan harkar masu kuɗi ce, a ci kifi a nuna jirgi. Cin kifin kam akwai shi, ga gahawa ga hira har dare. Amma da yawa daga masu zuwa ba su mallaki ko kwale-kwale ba. Wasu haya suke yi, wasu matuƙa ne da ke yi wa wani aiki.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne karatu. Bahar Maliya a gaban Jidda cike take da duwatsun murjani da ke kwance dab da saman ruwa, wanda bai san hanya ba sai ya fasa jirginsa da rana tsaka. Shi ya sa ake koyar da karanta taswirar teku, har da lura da launin ruwa, domin inda shuɗin ya koma haske-haske, to babu zurfi. Ana bayanin iskar arewa da ta fi kaɗawa a wannan gaɓa, da tasha ta 16 ta rediyon sadarwar jiragen ruwa da aka ware a duk duniya don kiran gaggawa, da izinin da jami'an tsaron iyaka, wato Haras al-Hudud, ke bayarwa kafin a fita teku.

Rigar ceto kuwa, kowa sai ya gwada ɗaura ta a gaban jama'a, har dattijon da ya rantse ya iya iyo tun yana yaro.