Kafin ku cire suna daga jeri

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja a Birnin Kebbi da Aliero da Argungu da Yawuri, akwai wani ɗan aiki da kuke rainawa, kuma ina so ku daina raina shi: cire abu daga cikin jeri, wato inda manhaja ke adana abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sakawa kowa ya iya, umarnin append ne a yaren Python, push a yaren JavaScript. Wurin cirewa ake ɓarna, kuma sau da yawa kwamfuta ba za ta ce muku uffan ba.

Ku ɗauki jerin 2, 4, 6, 7 a Python. An ce ku fitar da duk lambar da ke rabuwa biyu daidai. Kun bi jerin ɗaya bayan ɗaya da umarnin for, duk wadda ta dace kun kira mata remove, umarnin cirewa. Kuna jiran 7 kaɗai ta rage, sai ga 4 da 7, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Abin kamar layin karɓar taki ne: na farko ya fita, kowa ya matsa gaba, shi kuwa mai kiran suna ya riga ya wuce zuwa gurbi na biyu. Wanda ya matso gurbin farko ba a sake duban sa. Haka 4 ta tsira.

To, ku cire lambobin nan ku sa mutane. Ƙungiyar manoman shinkafa a Suru ko Argungu ta ba ku aikin manhajar da ke riƙe sunayen waɗanda ake bi bashin iri da taki, wanda ya biya a fitar da shi. Mutum biyu da ke jere sun biya, manhajarku ta fitar da ɗaya ta bar ɗaya. Gobe a je ƙofar gidan dattijo a ce bai biya ba, a gaban iyalinsa. Shi bai san wani abu wai shi Python ba, abin da ya sani an zubar masa da mutunci. Wannan haƙƙi a wuyan wanda ya rubuta yake.

Maganin ba shi da wuya. Kada ku taɓa jerin da kuke cikin bi. Ku gina sabo da abubuwan da kuke son su rage, ko ku bi kwafinsa kuna cirewa daga na asali, ko ku fara daga ƙarshe zuwa farko. Amma ku lura, rubuta b = a ba kwafi ba ne, suna biyu ne a kan jeri ɗaya, abin da kuka cire a nan ya fita a can. Sai kun kira copy. Dict ɗin Python, mai adana kowane abu da mabuɗinsa, ma ya fi tausayi, don idan girmansa ya sauya ana cikin bin sa yakan tsaya da saƙon kuskure na RuntimeError. ArrayList, jerin yaren Java, shi ma galibi yakan jefo saƙon kuskure na ConcurrentModificationException, kuma tun Java 8 da ta fito a 2014 akwai removeIf da ke yin aikin lafiya lau.

Masu JavaScript, taku ta fi ba ni tsoro. Kuna neman gurbin suna da indexOf, ku miƙa wa splice, mai cirewa, abin da ya fito. Idan sunan ba ya cikin jerin, indexOf za ta dawo da -1, ita kuwa splice tana fahimtar -1 a matsayin na ƙarshe. Sai ta cire mutumin ƙarshe, wanda bai ji ba bai gani ba. Layi ɗaya na duba ko an sami sunan ya isa ya hana wannan. Delete kuma ba ta rage tsawon jeri, rami kawai take bari.

Sai batun suna. Remove ta Python na farkon da ta tarar kaɗai take cirewa. A garuruwanmu kuwa, a ƙauye ɗaya za ku sami mutum uku masu suna ɗaya har da sunan uba ɗaya. Don Allah kada ku cire mutum da sunansa, ku ba kowa lambar shaida tasa, da ita za ku neme shi.

A ganina ma, bayanan da suka shafi kuɗi ko rabon kaya bai kamata a goge su kwata-kwata ba. Ku sa alama cewa an fitar, da ranar, da wanda ya fitar. Ranar da gardama ta tashi, shugabannin ƙungiya za su sami abin dubawa.

Na san yawancinku yanzu kod ɗin daga intanet kuke kwaso shi, ko ku sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta muku. Ban hana ba. Amma kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da hannunku: jerin da abubuwa biyu na cirewa ke maƙwabtaka, jerin da abin da ake nema ba ya ciki, jerin da suna ya maimaitu, da jerin da ba komai a cikinsa. Ku ƙirga nawa ne kafin cirewa, nawa ne bayanta, ku tabbata bambancin ya yi daidai da adadin waɗanda aka ce ku fitar.